Fim ɗin Chanis: abin da muka kalla da wanda ya wuce mu

1/ Duk wanda ya taso a Ikara, Makarfi ko Kudan zamanin kaset ya san gidan kallo: janareta, benci, sai Chanis. To yawancinsu na Hong Kong ne, wadda ke hannun Ingila har 1997.

2/ Bruce Lee ya buɗe ƙofa. Ya rasu a 1973 yana da shekara 32, shekarar da Enter the Dragon ya fito. Sai Jackie Chan da Drunken Master a 1978.

3/ Me ya sa suka karɓu? Naushi ba ya son tafinta. An kashe malam, almajiri ya sha horo, ya je ya gama da bos. Shi ke nan.

4/ Amma ni a ganina na 'yan sanda da 'yan daba sun fi daɗi, sai dai zance ya yi musu yawa, mu kuwa ba ma jin yaren. A Better Tomorrow na 1986: wan yana gungun masu buga jabun kuɗi, ƙanen ɗan sanda. Wa zai kama wa?

5/ Infernal Affairs na 2002 kuwa, kowane ɓangare ya dasa ɗan leƙen asiri a ɗayan. Amurkawa suka maimaita shi da sunan The Departed, har ya ci Oscar. Masu fassara, don Allah ku waiwayi waɗannan.