Suna Ɗaya, Aiki Daban-Daban

Kowace unguwa tana da Umarunta. Tarihin Nijar ma haka. Ga uku daga cikinsu.

Umaru Ganda mai shirya silima ne. A 1972 ya ci babbar kyautar bikin silima na Wagadugu.

Ide Umaru marubuci ne. Ya zama babban sakataren Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka daga 1985 zuwa 1989.

Mamman Umaru kuwa, Shugaba Seyni Kunce ya naɗa shi firaminista a 1983.

Kun gani, sunansu ɗaya, amma kowa da aikinsa muke gane shi. Ku ma in za ku rubuta sunanku, ku haɗa da na mahaifinku da garinku, kada a ba takwaranku takardarku.