Daga Bindiga Zuwa Kyamara: Namun Dawa da Hotunansu a Ƙasar Maraɗi

A watan Janairu na 1851, lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka Tasawa a kan hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano, alƙalami da takarda ne kayan aikinsa na adana abin da ya gani. A wancan zamani dawa tana bakin gari, kuma maharba su ne masana halin barewa da jimina, sai dai iliminsu a ka yake, bai bar siffa a takarda ba. A yau ƙasar da ke tsakanin Tasawa, Sarkin Hausa da Mayahi ta zama gonakin gero da wake a ƙarƙashin gawo, manyan namun dawa kuwa sun ja da baya, ba tare da an bar wa jikoki hotunansu ba.

Da kyamara ta shigo dawar Nijar, a bayan bindiga ta biyo. Angus Buchanan, mutumin Sikotlan, ya tashi daga Kano zuwa Abzin a 1920 domin tara fatun tsuntsaye da dabbobi ga gidan tarihin Lord Rothschild da ke Ingila. A 1922 ya komo tare da mai ɗaukar fim T. A. Glover, suka ƙetare Sahara a kan raƙuma. Kayan wancan zamani suna da nauyi, fim kuma ƙidayayye ne, ga zafi da ƙura suna ɓata shi. Saboda haka dabbar da aka harbe ta fi mai rai sauƙin ɗauka.

Abubuwa biyu suka sauya wannan hali: dogon gilashi mai jawo nesa kusa, da kyamarar dijital, wadda injiniya Steven Sasson na kamfanin Kodak ya fara ƙerawa a 1975, ta kuma yaɗu a hannun ƙwararru bayan fitowar Nikon D1 a 1999. Daga nan mutum yana iya ɗaukar hoto ɗari, ya duba nan take, ya zaɓi mai amfani.

Raƙumin dawa ne ya fi cin moriyar wannan sauyi. A 1996 guda 49 kacal suka rage a yankin Kure, kusa da Yamai, kuma su ne na ƙarshe a Afirka ta Yamma. Da yake zanen jikin kowanne daban yake, kamar zanen yatsan ɗan Adam, sai masu ƙidaya suka riƙa ɗaukar hoton gefen dama da na hagu, suna gane kowanne da kamanninsa. Kafin 2018 adadin ya haura 600. A watan Nuwamba na wannan shekara aka kwashi takwas aka yi tafiyar fiye da kilomita 800 da su zuwa gandun Gadabeji, a arewacin jihar Maraɗi, wanda aka keɓe tun 1955, kuma wanda fari da farauta suka raba shi da raƙumin dawa kusan shekaru 50.

Wannan tarihi shi ne jagora ga malami ko ƙungiyar da ke shirin sayen kyamara. Kuɗin ya fi dacewa da gilashi fiye da jikin kyamarar, domin dabbar da ta san maharbi ba ta yarda a kusance ta. Gilashi mai milimita 300 zuwa 400 shi ke cike wannan tazara. A nemi jiki mai jure ƙura, a guji sauya gilashi cikin iskar hunturu, a tanadi batir na biyu inda wuta ba ta kai ba. Sannan a rubuta rana da wuri ga kowane hoto, domin hoton tuje ko barewa da aka ɗauka bana a gefen gona shi ne shaidar da masu bincike za su nema nan da shekaru 50. Hausawa sun ce gani ya kori ji.