Nisan Yamai da Damagaram: da me za a auna?

Ranar da zan fara tahowa Yamai karatu, kakata ta ce mini: "To, ita Yamai ɗin kwana nawa ce?" Na yi dariya na ce kilomita kusan 900 ce. Ta ce ita ba ta san wani kilomita ba. Sai da na shiga sashen nazarin harsuna na gane tambayarta da tarihi a cikinta. Bahaushen da, da kwana yake auna nisa, da kuma zango, wato inda ayari zai sauke kaya ya huta. Ita ma kalmar jirgi ta ruwa ce tun asali, daga baya aka ara wa na ƙasa da na sama.

Mu duba abin da tarihi ya ajiye. Bajamushen nan Barth, wanda aka sani da Abdul Karim, ya bar Damagaram ƙarshen Janairu 1853, ya bi ta Katsina da Sakkwato, bai ga kogin Kwara a Say ba sai watan Yuni. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta taso daga bakin kogi a Janairu, tana ƙone garuruwa irin su Birnin Ƙonni. Sojojinsu ne suka kashe su a Yuli, kabarinsu na nan Maijirgi, kan hanyar Tasawa. Ragowar rundunar ta kama Damagaram ƙarshen wannan wata. Kun ga, wata bakwai ke nan.

A lokacin ma ba wanda ya damu da nisan Yamai, don ƙaramin gari ce. Damagaram ce babban birnin mulkin Nasara tun 1911. A 1926 aka maida fadar gwamna Yamai, sai mu muka koma mutanen nesa. Takarda, babbar makaranta, babban likita, duka sai an yi yamma.

Yau kwalta ta bi Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Madawa, Maradi da Tasawa. Mai bis ya tashi da asuba, sai dare ya sauka. Ta sama kuwa, daga filin jirgin Diori Hamani zuwa na Damagaram kilomita kusan 740 ne, tunda jirgi ba ya kwana-kwana. Jirgi mai farfela yana cin wajen kilomita 500 a awa, shi ya sa tafiyar take kamawa awa ɗaya da rabi ko sama da haka kaɗan.

Amma awa ɗaya da rabin nan ta wa ce? Bara da hantsi aka kira ni aka ce kaka ta cika. Ran nan ba jirgi, ko da akwai ma kuɗin tike ya fi ƙarfin ɗan makaranta. Na jira bis ɗin asuba. Kafin in taso an yi mata sutura bayan la'asar, zaman makoki kawai na tarar.

Don haka ni dai in ɗan'uwa ya tambaye ni nisan Yamai da Damagaram, ina fara tambayarsa abin da ke aljihunsa. Ga mai hali awa ɗaya da rabi ce. Ga irinmu, har yanzu lissafin kaka ne ke aiki: kwana guda. Allah ya jiƙanta.