Ɗan Doka Na Gaske Da Ɗan Sandan Sinima

Tun kafin a san sinima a ƙasar Kano mutane suka san dogari. A zamanin da Birnin Kudu da Gwaram su ke gundumomin Sarkin Kano, in aka ga mai riga ja da kore ya sauka ƙofar dagaci a gari kamar Dingaya, kowa ya san da magana, ko haraji ya yi jinkiri, ko kuwa an zo kama wani. Da Turawa suka ci Kano a 1903 ba su rushe wannan tsari ba. A cikin shekarun 1920 ne aka ware waɗansu aka koya musu fareti, aka kira su 'yan gadi, daga baya kuma 'yan doka. Shugabansu shi a ke kira Wakilin Doka, muƙamin da Alhaji Ado Bayero ya riƙe daga 1957 zuwa 1962, kafin a naɗa shi Sarkin Kano a 1963.

'Yan dokan En'e sun san ƙasa, sun san mutanenta, ɓarawo bai cika ɓace musu ba. Amma da siyasa ta zo a shekarun 1950, sai 'yan jam'iyyar NEPU suka yi ta kukan ana kama su ana dukansu ba bisa ƙa'ida ba. Bayan juyin mulkin 1966 gwamnatin soja ta yanke shawarar haɗe 'yan doka da 'yan sandan Nijeriya, kafin ƙarshen 1972 kuwa babu sauran ɗan dokan En'e. Watau talaka ya daɗe yana buƙatar mai kaki yana kuma tsoronsa, shi ya sa wasan sinima na 'yan sanda ya sami kasuwa wurinsa.

An buɗe gidan sinima na Rex a Kano a 1937. Mutanen ƙauye kuwa majigi suka sani, wanda motar Gwamnati kan kawo don koyar da tsabta da noma. A shekarun 1950 'yan kasuwa Kwarori suka fara shigo da wasannin Indiya, yawancinsu na soyayya da waƙe-waƙe, Hausawa kuwa suka karɓe su hannu biyu biyu. Ana nan haka sai a 1973 aka fito da wani wasa a Bombai mai suna Zanjeer, ma'anarsa sarƙa, wanda ya sāke wa sinimar Indiya hanya. Prakash Mehra ne ya shirya shi, Salim Khan da Javed Akhtar suka rubuta labarin. Manyan 'yan wasa kamar Dev Anand da Raaj Kumar sun ƙi karɓar aikin, sa'an nan aka ba wani dogon saurayi da bai yi suna ba tukuna, Amitabh Bachchan, wanda daga baya har yaran ƙasar Hausa suka san sunansa.

Ga yadda labarin ya ke. Wani yaro, Vijay, yana ɓoye cikin kabad ya ga an harbe iyayensa, bai kuwa shaida kome ba sai sarƙa mai siffar farin doki a hannun makashin. Wani ɗan sanda ya riƙe shi, ya girma ya zama sufeto mai gaskiya, mai zafin zuciya, kullum ana yi masa canjin gari saboda faɗa. Ya yi karo da Sher Khan mai gidajen caca, suka gwabza, suka koma abokai. Wata mota ta take 'yan makaranta, yarinya mai wasa wuƙaƙe, sunanta Mala, ta ga abin da ya faru, aka ba ta kuɗi ta yi shiru. Da Vijay ya kai ta ta ga gawawwakin yaran sai ta tuba ta ba da shaida. Mai wannan ɓarna duka wani attajiri ne, Teja, mai fataucin giya mai guba. Ya sa aka ƙulla wa Vijay sharrin cin hanci, aka ɗaure shi wata shida. Da ya fito ya bi sawun Teja, ya ga sarƙar nan a hannunsa, ya harbe shi.

Abin yabo na fari ga wannan wasa shi ne ya nuna inda ɓarna ta ke tasowa. Direban da ya take yara ɗan aike ne kawai, uban tafiyar yana zaune cikin katafaren gida, manya na gaishe shi. Na biyu, ya nuna wahalar ma'aikaci mai gaskiya, wanda in ya ƙi karɓa sai a ɗauke shi daga gari, in ya ƙi ji a ɗora masa laifin da ya ƙi aikatawa. Duk wanda ya taɓa aikin ofis ya san ba a Indiya kaɗai a ke haka ba. Na uku, ya nuna darajar shaida, gama da Mala ta ci kuɗin nan ta yi shiru, da jinin yaran ya tafi a banza. Har wa yau, jarumin ba ya waƙa, ba ya rawa, da wuya ma ya yi murmushi, wannan kuwa ya sa labarin ya yi nauyi irin na gaske.

To, amma aibinsa ba ƙarami ba ne. Dubi ranar da Sher Khan ya zo caji ofis zai zauna, sufeto ya shure kujerar ya ce masa nan ba gidan ubansa ba ne. Masu kallo kan yi tafi a wurin nan, alhali kuwa mutumin ba a kai shi gaban alƙali ba tukuna. Sa'an nan an sa duka ya shiryar da ɗan caca, an kuma sa maƙiyin hukuma ya zama shi ne makashin iyayen sufeto, don aikin Gwamnati da ramuwar gayya su zama abu guda. Mala kuma, bayan jaruntar da ta yi, sai aka mai da ita mai zaman gida tana roƙonsa ya bar faɗa.

Babban aibin kuwa shi ne an gama shari'a da harsashi. Mai kallo ya yarda da kisan Teja domin ya ga laifin da idonsa tun farkon wasa. Ɗan sanda na kan titi kuwa ba ya nan sa'ad da aka yi laifi, zato ya ke bi, zato kuwa yakan faɗa kan marar laifi. Don haka ne a ɗakin shari'a a ke neman shaidu daga mai ƙara, a ba wanda a ke ƙara dama ya kāre kansa. Mutanen Indiya da kansu sun gane wannan, gama a 1983 Govind Nihalani ya fito da Ardh Satya, inda Om Puri ya fito a matsayin ɗan sanda mai gaskiya da zafin rai, wanda ya doki wani ƙaramin ɓarawo a ɗakin tsaro har ya mutu. Mutanen Kano ma sun sa wa wani jarumin Indiya, Sanjay Dutt, laƙabin ɗan daba mai lasin, sunan da ya dace da kowane mai kaki da ya ɗauki doka a hannunsa.

Tarihin Nijeriya ya gwada ƙarshen wannan hanya. A 1992 aka kafa rundunar SARS a Ikko don yaƙi da 'yan fashi, aka sake mata linzami saboda tsananin fashi a lokacin. Da tafiya ta yi nisa sai kuka ya yi yawa a kan duka da ƙwace da kisa ba shari'a, har samari suka fito zanga-zanga, aka rushe ta ran 11 ga Oktoba 2020. Irin kukan da aka yi da 'yan doka a shekarun 1950 shi ne ya komo da sabon suna.

A 1991 aka yanke Jihar Jigawa daga Kano, Birnin Kudu da Gwaram suka faɗa cikinta. Yanzu ba sai an je birni ba, yaro a Dingaya yakan ga 'ya'yan Zanjeer da jikokinsa a gidan kallo ko a wayar hannu, an fassara su da Hausa. Daga cikin waɗannan yara ne za a ɗauki kuratan gobe. In sun koyi ƙin cin hanci da tsayawa kan shaida daga Vijay, sun ci riba. In kuwa shurin kujera suka koya, to, iyayensu ne za su fara shan sa a caji ofis. Allah ya ba ƙasa ma'aikata masu gaskiya da haƙuri, amin.