Rikicin Donatus: Yadda Kishin Aminci Ya Raba Ikilisiyar Afirka ta Arewa

A shekarar 303, Sarkin Rum Diyokilishiyan ya ba da umarnin a karɓe littattafan Kiristoci masu tsarki a ƙone. Wasu malaman coci suka gwammace mutuwa, wasu kuwa suka miƙa littattafan don su tsira da rayukansu.

Da ƙura ta lafa, sai gardama ta tashi: shin baftismar da maci amana ya yi ta inganta? Wajen 311 aka naɗa Kesiliyan bishop na Kartaj, a Tunisiya ta yau. Masu adawa suka ce cikin waɗanda suka naɗa shi akwai wanda ya miƙa littafi, don haka suka ɓalle, daga baya Donatus ya zama jagoransu.

Kusan ƙarni guda bayan haka, Agustin, bishop na Hippo, ya amsa musu cewa ingancin baftisma daga Almasihu yake, ba daga tsarkin mai yin ta ba. Ya kafa hujja da misalin alkama da ciyawa, waɗanda Yesu ya ce a bar su tare har lokacin girbi.

A 411, bishop-bishop fiye da 500 suka yi muhawara a Kartaj, wakilin daula ya yanke hukunci a kan mabiya Donatus. Aka ƙwace majami'unsu da goyon bayan Agustin, amma ƙarfin hukuma bai ɗinke ɓarakar ba.