Taƙaddamar 'Yan Asalin Abuja

Taƙaddamar 'yan asalin Abuja ita ce jayayyar da ake yi tun shekarar 1976 tsakanin Gwamnatin Tarayyar Nijeriya da al'ummomin da aka tarar zaune a ƙasar da aka yanka aka mai da ita Babban Birnin Tarayya. Abu biyu ake ja a kansu: wa ke da ƙasar, kuma wa ke da ikon yanke wa mutanen cikinta shawara. Ƙabilu tara aka saba lissafawa: Gbagyi, Gbari, Koro, Gade, Gwandara, Ganagana, Bassa, Egbira da Amwamwa. Gbagyi su ne mafiya yawa. Mu Hausawa Gwari muke ce musu, amma su sun fi son sunan da suke kiran kansu da shi, kuma suna da gaskiya, domin kalmar gwaranci ta daɗe da zama ta raini a bakinmu. Rigimar ba ta tsaya a iyakar birnin ba. Ta tsallaka Jihar Neja, ta taɓa Suleja da ƙaramar hukumar Tafa, inda Garam da Sabon Wuse suke.

Tun kafin a zana wata taswira, Gbagyi da Koro suna noman doya da dawa a gindin duwatsun yankin, kowane gari da sarkinsa da wuraren ibadarsa da makabartar kakanninsa. A farkon ƙarni na 19, lokacin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Malam Musa ya ci Zariya. Sarkin Zazzau na Haɓe, Muhammadu Makau, ya yi kudu da jama'arsa ya sauka Zuba cikin Koro. An kashe shi a yaƙi kusa da Lapai a 1825, sai ɗan'uwansa Abubakar Jatau, wanda ake kira Abu Ja saboda hasken fatarsa, ya gaje shi, ya kafa sabon gari a 1828. Garin ya ɗauki sunansa: Abuja. Masarautar ta tsaya da ƙafafunta, Fulanin Zariya ba su taɓa cin ta ba har Turawan Ingila suka shigo a 1902. Har gobe sarkin garin Sarkin Zazzau ake ce masa.

Akwai abin da ya kamata mai karatu Bahaushe ya haɗiye a nan ko da da ɗaci. Zagezagin da suka zo gudun hijira su ma sarauta suka kafa a kan waɗanda suka tarar, suka karɓi haraji, suka kai hari garuruwan da suka ƙi bi. Ɗaya daga cikin sarakunan, Ibrahim Iyalai, laƙabinsa Dodon Gwari. Ke nan lokacin da gwamnatin soja ta zo da tata doka, ba shi ne karon farko da aka ɗora wa Gbagyi mulki ba tare da an tambaye su ba.

A watan Agustan 1975 Janar Murtala Ramat Muhammed ya kafa kwamiti ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda, ya duba ko Legas za ta ci gaba da zama babban birni. Legas ta cushe, tana bakin teku, kuma yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba, ana neman wurin da ba Bahaushe ko Bayarabe ko Ibo da zai ce na gidansu ne. Kwamitin ya nuna tsakiyar ƙasa. Ranar 3 ga Fabrairun 1976 Murtala ya sanar da shawarar, Doka ta 6 ta biyo baya, aka yanki fili kimanin murabba'in kilomita 8,000 daga jihohin Neja da Filato da Kwara, kaso mafi tsoka daga Neja. Dokar ta danƙa dukkan ƙasar, ba togiya, ga Gwamnatin Tarayya. Kwana goma bayan sanarwar aka kashe Murtala. Tsohon garin Abuja ya rage a Jihar Neja, ya bar wa sabon birni sunansa, ya koma Suleja don girmama Sarki Sulaiman Barau, wanda ya yi mulki daga 1944 zuwa 1979.

Tushen ɓarnar yana cikin yadda aka kwatanta wurin. An ce ƙasa ce da ba ta hannun wata babbar ƙabila, sannu a hankali maganar ta rikiɗe a bakin mutane ta zama ƙasar da ba ta kowa ba. Tazarar da ke tsakanin maganganun biyu ta kai ta sama da ƙasa. Garki, Wuse, Maitama, Asokoro, Jabi, Utako, Mabushi, duk sunayen ƙauyuka ne masu mutane kafin su zama sunayen unguwannin masu hali. Ladi Kwali, maginiyar tukwanen da hotonta ke jikin takardar naira 20, 'yar Kwali ce, Bagbagyiya, kuma a makarantar ginin tukwane da Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja ta yi suna. Dutsen Zuma yana jikin naira 100. Nijeriya ta ɗauki hoton mutanen da na dutsensu ta sa a kuɗinta, amma a takardar fili ba ta san da su ba.

Alƙawarin farko shi ne za a kwashe kowa da kowa, a sake musu matsuguni a wajen birnin a kan kuɗin gwamnati. Da aka shiga ƙidaya sai aka tarar mutanen sun fi yadda aka zata nesa ba kusa ba, kuɗin diyya ya yi nauyi. A 1978 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ja da baya: waɗanda aikin gini ya biyo ta kansu kaɗai za a tayar, saura su zauna. Mutanen Wuse na cikin waɗanda aka kwasa, aka kai su bakin hanyar Kaduna, wurin da yau ake kira Sabon Wuse, hedikwatar Tafa. Wasu aka kai su Kubwa. Bayan Janar Ibrahim Babangida ya tare a Abuja ranar 12 ga Disamban 1991, aka gwada wata dabara a 1992, wato a bar ƙauyen Garki inda yake, birni ya kewaye shi. A 1999 aka sake komawa batun kwashewa, aka gina gidaje a Jibi, ƙarshenta jami'an tsaro ne suka shige su. Zamanin Malam Nasiru El-Rufa'i yana minista, daga 2003 zuwa 2007, aka yi rusau mai yawa, aka kuma buɗe shirin matsugunai a Apo da Galuwyi-Shere da Wasa, wanda ya yi ta jan ƙafa shekara da shekaru.

Ga yadda abin yake a ƙasa. Manomi ya tashi da safe ya tarar da turakun siminti a tsakiyar gonar doyarsa, wani da bai taɓa gani ba yana riƙe da takardar mallaka mai hannun minista. In an biya shi, kuɗin amfanin gona da na itatuwa irin su mangwaro da ɗorawa da kaɗanya za a ba shi, ƙasar kanta kuwa ko kwabo, domin a idon doka ba tasa ba ce tun 1976. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da haka a shari'ar Ona da Atenda a shekarar 2000, inda ta ce babu mallakar gargajiya a cikin birnin tarayya. Matar manomin, wadda ta saba ɗauko itace a ƙwarya bisa kafaɗa kamar yadda matan Gbagyi ke yi don girmama kai, sai ta ƙara nisan tafiya. A Garam da ke maƙwabtaka da Bwari, ɗan'uwansa na tsallaken iyaka yana da gwamna a Minna da ɗan majalisar jiha da zai kai wa kuka. Shi ba shi da ko ɗaya.

Nan ne batun ya tashi daga na gona ya zama na 'yanci. Sashe na 297 na Tsarin Mulkin 1999 ya jaddada cewa ƙasar ta tarayya ce, sashe na 299 kuma ya ce a ɗauki birnin kamar jiha. Sai dai shugaban ƙasa ne a matsayin gwamnansa, yana mulki ta hannun ministan da ya naɗa, Majalisar Tarayya ce ke yi masa doka. Sanata ɗaya gare su, 'yan majalisar wakilai biyu, da ƙananan hukumomi shida. A watan Janairun 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a ƙarar da lauya Musa Baba-Panya ya shigar, ta ce 'yan asalin birnin sun cancanci kujerar minista. Sai a 2023 aka aiwatar, da Shugaba Bola Tinubu ya naɗa Zephaniah Jisalo ministan ayyuka na musamman.

Irin wannan jayayya ba a nan kaɗai take ba, kuma ɗaya daga cikin waɗanda duniya ta fi sani ita ce ta Tibet. Sojojin Sin sun shiga yankin a 1950, aka sa hannu a yarjejeniya mai sharuɗɗa 17 a 1951, bore ya tashi a Lhasa a watan Maris na 1959, Dalai Lama ya tsere Indiya, inda yake zaune a Dharamsala. Sin na cewa Tibet yankinta ne tun ƙarnoni, kuma tayar da makiyaya da manoma da take yi zuwa sababbin gidaje yaƙi ne da talauci. Masu kare haƙƙin ɗan'adam na cewa tilas ce ake yi musu. Ba daidai ba ne a ce lamarin ɗaya ne: Gbagyi ba ɓallewa suke nema ba, suna zuwa kotu, suna zanga-zanga a ƙofar majalisa, ƙungiyoyinsu irin su OIDA suna magana a fili. Inda suka yi kama shi ne hujjar da ake kafawa, cewa maslahar ƙasa ta fi ƙarfin mai gona. A 2007, da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙudurin haƙƙin 'yan asalin ƙasa, Nijeriya na cikin ƙasashe 11 da suka ƙaurace wa ƙuri'ar.

Gina Abuja abu ne da ya amfani Nijeriya duka, amma kuɗinsa mafi tsada ƙabilu tara ne suka biya, kuma ba a mayar musu ba. Watan Fabrairun 2026 ne cikar Doka ta 6 shekara 50. A tsawon wannan lokaci ba a taɓa naɗa ɗan asalin yankin ministan Babban Birnin Tarayya ba, kuma har yau ba su da damar jefa ƙuri'ar zaɓen gwamna a ƙasar kakanninsu.