Gasar lig ta ƙwallon Gelik da harlin a Ailan: abin da sakamakon farkon kaka ke nunawa da abin da yake ɓoyewa

A ƙarshen watan Janairun kowace shekara, lokacin da sanyi da ruwan sama ke kan ganiyarsu a tsibirin Ailan, ake buɗe gasar lig ta wasannin gargajiya biyu da suka fi kowane wasa tara jama'a a ƙasar, wato ƙwallon Gelik da harlin. Ana kammala ta a ƙarshen Maris ko farkon Afrilu, sannan a shiga babbar gasar zakarun ƙasa. Da yake ita ce ta biyu a daraja, kowace shekara sai an tayar da tsohuwar muhawara: shin ƙungiyar da ta haskaka a Fabrairu ita za ta ɗaga kofi a Yuli, ko kuwa ta ƙone itacenta ne tun ba a aza tukunya ba?

Wasannin da masu shirya su

Ƙungiyar GAA ce ke kula da wasannin biyu. An kafa ta ranar 1 ga Nuwamba, 1884, a garin Thurles na gundumar Tipperary, bisa jagorancin Michael Cusack da Maurice Davin, a zamanin da Ailan take ƙarƙashin mulkin Birtaniya kuma wasannin Ingila ke neman shafe na gida. Hedikwatarta na filin Croke Park da ke Dublin, wanda ke ɗaukar 'yan kallo 82,300. Har yau 'yan wasanta ba sa karɓar albashi. Wanda ya cika filin da kallo ranar Lahadi, malamin makaranta ne ko ɗan sanda ko manomi da zai koma bakin aikinsa ranar Litinin. Ba a saye ko sayar da ɗan wasa. A ƙa'ida kowa gundumarsa yake bugawa.

Kowace ƙungiya na da 'yan wasa 15, kuma wasan manya tsakanin gundumomi minti 70 ne. Ragar ta haɗa siffa biyu: ƙasanta kamar ta ƙwallon ƙafa, samanta kuma dogayen turaku biyu. Ƙwallon da ta shiga raga maki uku ce, wadda ta bi ta saman sandar tsakanin turakun maki ɗaya. Shi ya sa ake rubuta sakamako da lamba biyu: idan aka ga 1-11, ana nufin ƙwallo ɗaya a raga da maki 11, jimilla 14. A ƙwallon Gelik ana kama ƙwallo da hannu ana kuma buga ta da ƙafa. A harlin kuwa ƙaramar ƙwallo ce mai tauri ake bugawa da sanda mai faɗin baki, cikin saurin da ya sa aka wajabta wa kowane ɗan wasa hular kwano tun 2010. Hukumar UNESCO ta sanya harlin cikin jerin al'adun gado na duniya a 2018.

Tsarin lig ɗin

An fara gasar a kakar 1925 zuwa 1926. Laois ce ta ci ta ƙwallon Gelik ta farko, Cork ta ci ta harlin.

A ƙwallon Gelik ƙungiyoyi 32 ne aka raba rukuni huɗu, takwas-takwas. Ailan na da gundumomi 32, amma Kilkenny, wadda harlin ya mamaye rayuwarta, ba ta shiga. Landan ce ke cike gurbin da 'yan Ailan mazauna Ingila. Kowace ƙungiya tana wasa bakwai. Nasara maki biyu ce a tebur, kunnen doki maki ɗaya. Biyun da suka ƙare a sama su ne ke buga wasan ƙarshe na rukuninsu, kuma daga rukuni na 2 zuwa na 4 dukansu biyun suna hawa gaba. Biyun ƙasa a rukunai ukun farko kuma suna rikitowa.

An sake fasalin lig ɗin harlin a 2025: ƙungiyoyi 35 a rukuni biyar masu bakwai-bakwai, wato 1A, 1B, 2, 3 da 4. Kafin nan an rarraba manyan ƙungiyoyi ta yadda da wuya wata babba ta faɗi, sai wasannin suka zama tamkar atisaye. Sabon tsarin ya tattara bakwai mafi ƙarfi wuri guda, biyu kuma dole su sauka. Tun shekarar farko aka ga tasirinsa, domin Clare, mai riƙe da kofin lig da na zakarun ƙasa na 2024, ta faɗa rukunin 1B tare da Wexford.

Dalilin da ya sa ba a ƙara raina ta ba

Shekaru da dama masu horarwa kan ɗauki lig a matsayin wurin gwada sababbin yara da gyara jiki. Abu biyu suka sauya wannan. Na farko, tun 2022 aka dawo da wasannin ƙarshe na zakarun ƙasa daga Satumba zuwa Yuli, domin a bar wa kulob-kulob na garuruwa da ƙauyuka sauran shekarar. Tazarar da ke tsakanin lig da babbar gasa ta ragu zuwa mako ɗaya ko biyu, babu sauran dogon hutun da za a gyara ɓarna a cikinsa.

Na biyu ya fi nauyi. Tun 2022 matsayin ƙungiya a lig na daga abin da ke yanke ko za ta shiga gasar kofin Sam Maguire, wato babban kofin ƙwallon Gelik, ko kuwa ta ƙaramin kofin Tailteann da aka ƙirƙiro a 2022. Gurbi 16 ne a babbar gasar: takwas na waɗanda suka kai wasan ƙarshe a larduna huɗu, ɗaya na mai riƙe da kofin Tailteann, sauran kuma ana cike su bisa jerin lig. Wannan ya mai da tsakiyar rukuni na 2 wuri mafi hatsari a duk gasar. A 2023 Meath ta ƙare ta shida a wannan rukuni, ba ta faɗi ba, amma da Clare da Sligo waɗanda ke ƙasa da ita suka kai wasan ƙarshe na lardunansu, sai aka rasa mata gurbi. Gunduma mai kofin zakarun ƙasa bakwai ta tsinci kanta a ƙaramar gasa. Ta dai huce haushinta ta cinye kofin. Saboda haka maki ɗaya da aka zubar a daren Asabar cikin taɓo a watan Fabrairu na iya sauya wa gunduma duk shekararta.

Ko lig na faɗin gaskiya?

Tarihin 'yan shekarun nan ya ba kowane ɓangare hujja. Masu cewa lig ma'auni ne suna nuna Kerry. Duk shekarar da Jack O'Connor ya ci kofin Sam Maguire da ita, wato 2004, 2006, 2009, 2022 da 2025, sai da ya fara cin lig. Dublin ta ci lig sau huɗu a jere daga 2013 zuwa 2016, a farkon zamanin da ta ɗauki kofin zakarun ƙasa sau shida a jere daga 2015 zuwa 2020. A harlin, Limerick ta John Kiely ta haɗa kofunan biyu a 2020 da 2023, Clare ta yi haka a 2024.

Masu ja kuwa misalansu sun fi ciwo. Mayo ta doke Galway a wasan ƙarshe na lig a 2023, bayan mako ɗaya Roscommon ta bi ta har gida ta fitar da ita daga gasar lardin Connacht. Ga gundumar da rabonta da babban kofi tun 1951, kofin lig ya zama abin da magoya bayanta ke karɓa da rabin murmushi. Derry ta doke Dublin a bugun fenareti ta ɗauki lig na 2024 ƙarƙashin Mickey Harte, aka shiga kiranta wadda za ta gaji sarauta. Ba a yi wata guda ba Donegal ta zura mata ƙwallo huɗu a raga a gasar Ulster, ta sake shan kashi a hannun Galway da Armagh, Harte ya ajiye aiki a ƙarshen kakar, a 2025 kuma ta faɗo daga rukuni na 1 ba tare da cin wasa ko ɗaya ba. Waterford ta ci lig ɗin harlin a 2022, ta kasa fita daga lardin Munster. Sai kuma abin da ya faru da Cork a 2025: ta lallasa Tipperary da 3-24 da 0-23 a wasan ƙarshe na lig, kofinta na farko tun 1998, ƙungiyoyin biyu suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe na zakarun ƙasa a Yuli, Cork ta tafi hutun rabin lokaci tana gaba da maki shida, ta dawo ta ci maki biyu kacal, Tipperary ta ɗauki kofin da 3-27 da 1-18.

Akwai kuma waɗanda suka zo ta bayan gida. Dublin ta faɗo rukuni na 2 a 2022, daga can ta taso ta ci Sam Maguire a 2023. Armagh ma a rukuni na 2 ta yi kakar 2024, har ta sha kaye a wasan ƙarshensa a hannun Donegal, amma a Yuli ta doke Galway da 1-11 da 0-13.

Idan aka auna, abin da ya fi tabbata shi ne rashin kyawun lig ya fi kyawunta faɗin gaskiya. Ƙungiyar da ke rasa ƙwallo a tsakiyar fili mako bayan mako, ko wadda ba ta da mai bugun tazara da za a dogara da shi, da wuya ta warke cikin mako biyu. Nasara kuwa tana da dalilai da yawa da ba sa wuce Maris. Wata ƙungiyar ta fara atisaye da wuri ta riga saura ƙarfin jiki. Wata tana tsakiyar horo mai tsanani da gangan, ƙafafunta sun yi nauyi. Wata ta ajiye manyan 'yan wasanta. A harlin ma yanayi kansa mayaudari ne, domin a jiƙaƙƙen fili ƙwallo ba ta gudu, masu ƙarfin ƙirji ke cin kasuwa, da rani ya shigo ƙasa ta bushe sai masu sauri su karɓe wasan.

Cunkoson watan Janairu da Fabrairu

Wani abin da ke gurɓata sakamakon makonnin farko shi ne rabon 'yan wasa. A Janairu ake buga wasannin ƙarshe na kulob-kulob, don haka gundumar da kulob ɗinta ya yi nisa takan fara lig babu wasu daga gwanayenta. A daidai lokacin kuma jami'o'i ke buga kofin Sigerson na ƙwallon Gelik da na Fitzgibbon na harlin. Matashi ɗan shekara 20 na iya buga wa jami'arsa ranar Laraba, gundumarsa ranar Lahadi, shi ya sa ƙorafin tsagewar tsoka ba ya ƙarewa a bakin masu horarwa. Gasannin share fage na larduna, irin su kofin McKenna a Ulster da na O'Byrne da Walsh a Leinster, an dakatar da su a 2025 domin rage wannan nauyi. A shekarar ce kuma guguwar Éowyn ta afka wa tsibirin ranar 24 ga Janairu, aka ɗage wasu wasannin zagayen farko.

Sababbin dokoki

Lig ɗin 2025 ita ce fagen gwajin sauyi mafi girma da ƙwallon Gelik ta gani a zamanin nan. Wasan ya kai matsayin da ƙungiya kan tara kusan duk 'yan wasanta a gida, abokiyar karawa ta yi ta miƙa ƙwallo gefe da baya na tsawon mintuna, 'yan kallo na hamma. Shugaban GAA Jarlath Burns ya kafa kwamiti ƙarƙashin Jim Gavin, tsohon mai horar da Dublin, babban taro na musamman ya amince da shawarwarinsa a ƙarshen Nuwamban 2024.

An zana baka mai nisan mita 40 daga raga. Duk wanda ya buga daga bayanta ƙwallo ta bi ta saman sanda, maki biyu ke gare shi. An wajabta wa kowace ƙungiya barin aƙalla 'yan wasa uku a ɓangaren abokan karawa a kowane lokaci. Bugun mai tsaron raga dole ya wuce bakar, abin da ya dawo da tsallen neman ƙwallo a sama. Wanda aka yi wa ƙeta na iya ci gaba da gudu da ƙwallo nan take ba sai ya tsaya ba. Gardama da alƙalin wasa kuma hukuncinta a matsar da ƙwallo mita 50 zuwa ragar mai gardamar, dokar da ta yi maganin surutu fiye da kowane kati. Tun ana tsakiyar lig ɗin sai da aka yi wa wasu gyara, musamman damar da mai tsaron raga ya samu ta haurowa ya zama ƙarin mutum a kai hari. Dokar maki biyu ce ta fi jawo magana, domin a filin da iska ke kaɗawa, tazarar maki goma a rabin lokaci ta daina zama abin kwanciyar hankali.

Batun mai ɗaukar nauyi

Kamfanin inshora na Allianz ne ke ɗaukar nauyin gasar tun farkon shekarun 1990, sunansa kuma gasar ke amsawa. A 2025 rahoton Francesca Albanese, wakiliyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta musamman kan yankunan Falasɗinawa, ya ambaci kamfanin dangane da zuba jari a takardun lamunin gwamnatin Isra'ila. Ɗaruruwan 'yan wasa na da da na yanzu suka sa hannu a takardar neman a raba gari da shi, wasu hukumomin gundumomi ma suka goyi baya. A Disambar shekarar GAA ta yanke shawarar ci gaba da yarjejeniyar bayan rahoton kwamitinta na ɗa'a.